Irin Dawar da Na Kai Ostareliya

Duk shekara, in an taru cin abincin Kirsimeti a gidan 'yata Rifkatu a garin Summerfield, nan Amurka, sai an tayar da labarin nan. Yawanci Iliya ne ke tayar da shi ta waya, fuskarsa ta cika allon, yana zufa cikin singileti domin can wurinsu a Ostareliya lokacin zafi ne, mu kuma muna nan ƙudundune cikin rigunan sanyi.

"Kun tuna ranar da kare ya kama Baba da dawa a filin jirgi?"

Sai a fashe da dariya, har surukina da ba ya jin Hausa ya taya. Ni ma nakan yi murmushi, domin tsoho in ya ɗaure fuska a gidan da ake ciyar da shi sai a ce ya fara rikicewa. To, yau zan rubuta abin yadda ya faru. Ku biyu na haifa, Iliya da Rifkatu, kuma ku biyun kun san ba haka aka yi ba. 'Ya'yanku ne ba su sani ba, kuma ba na so su girma suna zaton kakansu wani baƙauye ne da ya yi yunƙurin sumogal ɗin hatsi aka kama shi. Babu karen da ya kama ni. Da bakina na faɗa musu abin da nake ɗauke da shi.

Dawar nan ba ta kasuwa ba ce. A gidanmu ana kiranta 'Yar Ladi, sunan kakata ta wajen uba, wadda ta sauko da ita daga kan dutse cikin ɗankwalinta lokacin da mutanenmu suka bar tuddai suka zauna a kwari, can kudancin Bauchi. Doguwa ce, mutum ko ya ɗaga hannu ba ya kai zangarniyarta, wuyanta a lanƙwashe, ƙwayarta ja mai ɗigon fari. Kununta ba ya tsinkewa ko ya kwana. Ubana yana da doka guda a kanta, wadda ya fi yawan maimaita mana fiye da dokoki goma na Musa: iri ba ya kwana wuri ɗaya. In wani yana gona, wani ya kasance cikin toka a tulu. In wani yana rumbunka, wani ya kasance a rumbun ƙanwarka. Da rikici ya watsa ƙauyenmu aka ƙone rumbuna, waɗanda suka koma daga baya sun koma ne da gajeruwar dawar nan ta zamani da ake sayarwa a leda. Na tambayi 'yan uwa, na aika an zaga kasuwannin ƙauye, babu wanda ya rage da ko tafi ɗaya. Abin da ya tsira shi ne ɗan ƙullin da mahaifiyarku Saratu ta ɗinke cikin matashin kai muka shigo da shi Amurka, a zamanin da ba wanda ya tambaye mu komai.

Kun san ni malamin labarin ƙasa ne a gida, na zo nan na koma ɗaukar kujeru da gadaje a wani sito. Ban taɓa yi muku ƙorafin wannan ba. Abin da ya riƙe ni shi ne filin bayan gidan da muka zauna a garin McLeansville. Gidan da sunan Rifkatu aka saya, tun da ita banki ya yarda da ita, amma ƙasar ni na sani. Jar ƙasa ce mai danƙo, in ta bushe sai ta ƙi fartanya. 'Yar Ladi ba ta so wurin ba da farko. Ita ba ta fitar da kai sai ta ji rana ta fara gajarta, nan kuwa kafin ta nuna sanyin farko ya sauka, raɓa ta daskare ta ƙona ta tsaye. Shekarar farko zangarniya kaɗan muka tsira da su. Sai muka riƙa ɗaure tsumma a wuyan duk wadda ta riga 'yan uwanta fitowa, mu ware ta, ita kaɗai za a shuka baɗi. Haka muka yi ni da Saratu shekara da shekaru, har dawar ta koyi saurin ƙasar nan ba tare da ta sauya ɗanɗano ba. Ku lokacin kuna makaranta, in na ce ku zo ku riƙe mini buhu sai ku ce ana kallonku daga motar makaranta.

Ostareliya kuwa, babu nahiyar da na fi son koyarwa kamarta. Nakan zana ta a allo da alli ba tare da na dubi littafi ba. In ja layin duwatsun da suka bi gabar gabas tun daga sama har ƙasa, in nuna wa ɗalibai yadda suke tare iskar teku su matse mata ruwa, shi ya sa tsakiyar ƙasar ta zama hamada, mutane suka taru a bakin gaɓa kamar masu cin tuwo a gefen tire. In ɗiga Tasmaniya a ƙarƙashi, in zana Niyu Gini a sama, Niyu Zilan can gefe, sauran ƙananan tsibiran kuma in buga alli ɗis-ɗis in ce su ƙirga in sun iya. Har labarin zomaye nakan ba su, yadda wani ya shigo da 'yan kaɗan don farauta suka hayayyafa suka cinye ciyawar tumaki. Ɗalibai su yi ta dariya. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ɗan cikina zai je can ya zauna ba, sai ga shi Iliya ya sami aikin asibiti a wani gari da ake kira Toowoomba, a kan waɗannan duwatsun da na sha zanawa, ya yi aure can, ya haihu can.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce ta biyu bayan rasuwar Saratu. Ni kaɗai nake cikin gidan. Da sanyin da ya gabata na zame a kan ƙanƙara a bakin ƙofa na gurɗe, tun daga nan kuka fara yi mini magana da irin muryar da ake yi wa majinyaci. Wajen ƙarshen watan Agusta Iliya ya fara kira a kai a kai.

"Baba, ka zo ka huta mana. Sanyinku na tafe, mu kuwa nan yanzu bazara za ta shigo."

"Dawa tana gona," na ce masa. "Ba ta ko gama fitar da kai ba."

"Ai Rifkatu na nan. Kuma Baba, nan ƙasar dawa ce fa. Baƙar ƙasa, kamar ta fadama. Bayan gidana fili ne a banza. Watan Oktoba suke shuka. In ka jira ka gama girbi can, shukar nan ta wuce ka."

Yaron nan ya san inda zai taɓa ni. Da ya ce in zo in ga jikoki, da na ce bayan girbi. Da ya ce in zo don lafiyata, da na ce lafiyata ƙalau. Sai ya ce ƙasa da shuka. Na zauna na yi lissafi irin na malami: can kudancin duniya ne, lokutansu a juye suke da namu, ranar da nake jiran girbi a nan ranar suke kaifafa fartanya. Ke nan 'Yar Ladi za ta iya yin damina biyu a shekara guda, ta sami gida na biyu a ɗaya ɓarin duniya, inda ko wuta ta ci McLeansville ba za ta kai ba. Na ga kamar ubana ne ya buɗe mini hanya. Gonar bana ta fi ta kowace shekara kyau, don haka na juye duk ajiyar bara daga cikin toka, na bushe ta, na zuba a gwangwanin madara na sa a jaka. Wani a gona, wani a tafiya. Ban karya dokar ba.

Ana gobe zan tashi na ja Rifkatu cikin gonar. Ta shiga da takalmin ofis, tana ɗaga ƙafa. Na nuna mata waɗanda na ɗaure wa tsumma.

"Waɗannan su ne iri. In kin latsa ƙwaya da farce ba ta fitar da ruwa ba, ki yanke da wuyansu, ki rataye a gareji kai ƙasa. Kar ki bari sanyin farko ya same su a waje. Sauran ko tsuntsaye sun cinye ban damu ba."

"Okay, Daddy."

"Da Hausa nake miki magana."

"Na ji, Baba. Kar ka damu, za a kula da komai."

Ta faɗi haka tana duban wayarta. Na ɗauka aikin ofis ne.

Tafiyar ba ta ƙarewa. Na sauya jirgi, na sake sauyawa a bakin tekun yamma, sannan muka hau kan ruwan nan da nakan shafe da shuɗin alli cikin minti ɗaya. Ruwa ne kawai, sai ka ce Allah ya manta bai sa ƙasa ba. A tsakiyarsa akwai layin da kwanan wata ke sauyawa, wanda na sha yi wa yara tambaya a kansa a jarrabawa. Na tashi ranar Talata, na sauka Brisbane ranar Alhamis da safe. Laraba ban gan ta ba ko kaɗan, har na yi wa kaina dariya cewa gani ya kori ji.

A wurin binciken kaya akwai kare, gaskiya ne, ƙarami mai dogayen kunnuwa, amma ni ko kallona bai yi ba. Ni na je layin masu abin bayyanawa da ƙafata. Ma'aikaciyar wata mace ce mai furfura, sa'ar Saratu. Ta buɗe gwangwanin, ta zuba kaɗan a tafin hannunta mai safa, ta tambaye ni mene ne. Na gaya mata iri ne, na gaya mata na wane ne. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce ba zai shiga ba. Ta ce ƙasarsu ruwa ya kewaye ta tun fil azal, cututtukan hatsi da yawa ba su taɓa ƙetarowa ba, ƙwaya ɗaya mai ɗauke da cuta za ta iya shiga gonakin jihar gaba ɗaya. Ba sai ta yi mini dogon bayani ba, ni da na koyar da labarin zomaye. Ban ji haushinta ba a lokacin, kuma har yau ban ji ba. Ta ce zaɓi uku ne. Ko a gasa shi da wani haske ya mutu a ba ni gawarsa, ko a ƙone, ko kuma a riƙe shi a hannunsu a cike takardu a mayar da shi Amurka, amma wannan zai ɗau lokaci, kuma sai wani mai adireshi a ƙasar ya tsaya mini. Na ce a mayar. Ta ba ni izini in kira ɗana, wanda ke jira a waje bayan ƙofar gilashi.

"Baba, me ya tsayar da kai? Kowa ya fito."

Na gaya masa.

"Haba Baba! Ka bar musu kawai. In aka fara cike-ciken nan sunanka zai shiga na'urarsu, gobe in mun nemi a ƙara maka zama su ce ga abin da ka yi."

"Iliya, ajiyar ce duka. Ban bar ko ƙwaya a gida ba."

"Ga gona guda can a tsaye. Wannan ɗan gwangwanin me zai ƙara?"

"Kira mini Rifkatu tukuna. In ji lafiyar gonar."

"Yanzun nan muka gama magana da ita. Komai lafiya lau. Baba don Allah, yara suna mota, sun gaji."

Na ajiye wayar na ce wa matar ta ƙone. Ta dube ni ta ce na tabbata? Na ce ɗana ya ce akwai wani a gida. Ta rufe gwangwanin, ta sa shi cikin wata jaka mai ruwan ɗorawa, ta ɗaure bakin. Na fita na rungumi jikokina.

Na yi wata da watanni a Toowoomba. Ba zan ce an wulaƙanta ni ba, matar Iliya ta yi mini abin da 'ya ke yi wa uba. Garin yana kan tudu, in ka gangara yamma sai ƙasa ta baje, baƙa wuluk, har iyakar ganinka. Iliya ya ɗauke ni a mota wata Asabar bayan sabuwar shekara, wai zai faranta mini rai. Dawa ce ko'ina, gajera iya ƙugu, kai ɗaya tsayi ɗaya kamar an yi musu aski, babu mutum ko ɗaya a ciki sai inji. Ya ce ta shanu ce da kaji, sauran a loda a jirgin ruwa.

"Ka gani, Baba? Dawa har ta ishe ka."

Na ce na gani. Ban ce masa a cikin duk wannan babu ƙwaya ɗaya da ta san hannun ubana ba, domin na lura in na fara irin wannan maganar sai ya ƙara ƙarar rediyo. Wanda ya fahimce ni a ƙasar nan wani dattijo ne a cocinsu, baƙi kamar ni, daga ɗaya daga cikin tsibiran da nake bugawa ɗis-ɗis da alli. Ya zo aikin tsinkar kayan lambu. Ya ce a tsibirinsu ruwan gishiri ya fara ɓullowa ta ƙarƙashin ramukan da suke shuka gwaza, irin da kakanninsa suka zo da shi cikin kwalekwale yana ruɓewa a tsaye. Na ba shi labarin 'Yar Ladi. Bai ce mini ai duk dawa dawa ce ba. Ya ce in gode wa Allah tawa tana rataye a gareji. Na ce amin.

Duk lokacin da na kira Rifkatu na tambayi zangarniyar, amsa ɗaya ce: an kula da komai. In na ce ta nuna mini ta waya, sai ta ce tana ofis, ko tana tuƙi, ko fitilar garejin ta mutu. Da sanyinsu ya fara shigowa, wato lokacin shukarmu a nan, na ce zan koma. Iliya ya kawo maganar likita, ya kawo maganar takardun zama da ya riga ya fara nema mini ban sani ba. Na ce masa ko a ƙafa ne zan tafi. Rifkatu ta ɗauke ni a filin jirgi ta nufi Summerfield da ni. Na ce McLeansville. Ta juya motar. Da muka isa sai na ga wata mota a ƙofar gidan, da tutar wata ƙungiyar ƙwallo a baranda. Na zaga baya. Ciyawa ce shimfiɗe, koriya shar, an aske ta daidai, da lilon yara a daidai inda nake tara kara.

Wanda ya sayi gidan wani Bature ne matashi, ya fito yana tambayar ko lafiya. Na roƙe shi ya bar ni in duba gindin shinge. Duk manomi ya san gyauro, ƙwayar da ta faɗi da kanta ta kwana a ƙasa ta tsiro baɗi ba wanda ya shuka ta. Ya ce bismilla, a yarensu. Na durƙusa da gwiwata mai ciwo na bi shingen nan daga kusurwa zuwa kusurwa, ina buɗa ciyawa da yatsa. Ya tsaya yana kallona cikin tausayi, can ya ce ai ya fesa magani tun farkon bazara, ba abin da ke fitowa sai abin da ya shuka. Rifkatu ta zo ta kama ni ta kafaɗa.

"Baba, tashi don Allah. Mutane na kallo."

A cikin mota na tambaye ta abu ɗaya, ko ta yanke masu tsumman kafin a share. Ta fara kuka. Ta ce dillaliyar gidaje ce ta ce ba mai sayen gida da daji a bayansa, kuma mai ɗaukar hoto zai zo ƙarshen makon. Ta ce ta latsa ƙwayar kamar yadda na nuna mata, ruwa ne fari ya fito, ba ta nuna ba, ta ga ko ta yanke ba amfani. Mai injin ya zo ya niƙe komai har kara.

"Yaushe?"

"Washegarin tafiyarka. Ranar Laraba da safe."

"Iliya ya sani?"

"Tare muka shirya, Baba. Tun faɗuwarka. Ba za ka iya zama kai kaɗai a gidan nan ba, kuma mun san in dawar na nan ba za ka taɓa barinsa ba. Na tura masa hoton filin kana cikin jirgi. Mun ɗauka wanda ke jakarka ya isa."

Wato sa'ad da nake tsaye gaban matar nan da wayata a kunne, Iliya yana bayan gilashi da hoton filin a aljihunsa. Ya san abin da ke cikin gwangwanin shi ne na ƙarshe a duniya, domin na faɗa masa da bakina. Kalma ɗaya ta isa. Da ya ce Baba a mayar, da yanzu tana rataye a wani wuri. Ya zaɓi kada asirinku ya tonu a filin jirgi, yara kuma suna mota sun gaji.

Na san abin da za ku ce, kun sha faɗa. Don ni kuka yi. Ban musa ba, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa nake zaune a ɗakin da Rifkatu ta gyara mini, ina cin abincinta, ina amsa wayar Iliya ranar Lahadi. Fasto ya ce in yafe, na ce na yafe, kuma ina ƙoƙari. Amma zuciyata ba ta huce ba, kuma ba zan yi muku ƙarya a takardar da za ta rage bayana ba. Abin nan ya tsira daga dutse, ya tsira daga wutar da ta ci ƙauyenmu, ya tsira daga ƙanƙarar Amurka. Hannun 'ya'yan gidan ne bai tsira daga gare shi ba.

Kwanan baya ƙaramar 'yar Rifkatu ta shigo ɗakina. An ce musu a makaranta kowa ya kawo wani abu da danginsa suka zo da shi daga ƙasarsu ta asali, uwarta kuma ta turo ta wurina. Na miƙa mata hannuna, na buɗe. Ta leƙa, ta juya shi, ta dube ni.

"Baba Tsoho, ba komai a ciki."

"Shi za ki kai," na ce mata. "In malamarku ta tambaya ina yake, ki ce ta tambayi mamanki da kawunki."